Ciwon Gidan Baraka

Riyad, 9 ga Maris, 2015

Zuwa ga Gwaggo Jidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabtanmu na Dandali. Yaya ƙafar? Maigidana Malam Abduljalil yana gaishe ki. Har yanzu yana fama da littafin digirinsa, wanda ya ce saura kaɗan tun shekara biyu da suka wuce.

Na zaɓi takarda ne don na san yadda waya take a gidanki: sai an ƙure murya kafin ki ji, kuma kafin ki ji duk tsakar gida ta riga ta ji. Wani ɗalibi abokin Malam ne zai kawo miki. Maganar Yaya Tamimu ce.

Gwaggo, Yaya ya rame, ba kuma irin ramar da kike cewa ta aiki ba. Agogo yawo yake yi a hannunsa. Shekara biyu ke nan da aka ce yana da ciwon sukari na manya, aka ba shi ƙwayoyi, aka ƙara, aka sake ƙarawa. Ran Juma'a ya zo cin abinci, kafin a zuba shinkafa ya shanye gora biyu ta ruwa, ya shiga bayi sau uku. Ya ce yanzu in ya kai matar kafilinsa, wato Balaraben da yake yi wa direba, kanti a unguwar Ulaya, kafin ya nemi wurin ajiye mota sai ya fara neman inda bayi yake. Yana faɗa yana dariya, mu ma muka taya shi.

Kin san aikina, ko in ce kin san abin da kike gaya wa mutane, wai ni likita ce. Ba likita ba ce. Ina ɗakin gwaji na wani asibitin koyarwa, ina karɓar jini a kwalba ina mayar da shi lambobi. Bincikenmu a kan Larabawa ne waɗanda sukari ya kama da girmansu. Akwai ƙwayoyin gado masu tsara garkuwar jiki, su ne suke koya wa jiki ya bambance nasa da baƙo, muna dubawa ko wasu daga cikinsu suna ƙara haɗarin ciwon. Domin sukarin manya ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙiba da shekaru, wanda ƙwaya da kiyaye baki suke riƙewa. Akwai kuma wanda garkuwar jikin mutum da kanta take cinye abin da ke yi masa insulin, a hankali, har ya ƙare. Shi wannan ba ya jin ƙwaya. Allura yake so, in ba a yi ba ya tafi da mai shi. Kullum ina ganin irinsu a takarda: siriri, ɗan arba'in, ƙwaya ta daina aiki. Sai da na shekara biyu kafin na ɗaga kai na ga ɗaya yana cin shinkafa a falona.

Na yi masa zancen allura. Ya ajiye cokali, ya ce a gidanmu ba a allura, allura ce ta kashe Baba cikin kwana uku. Ya ce Kaka Baraka ta shekara arba'in da sukari, da hulɓa da habbatus sauda kaɗai ta kai casa'in, kuma jininta ne a jikinsa, jinin Larabawan Turabulus, ya san abin da ya dace da shi. Yadda yake faɗar ciwon nan, sai ki ɗauka gida ya gada a bakin titi.

Roƙona shi ne ki rubuto mini duk wanda ya yi ciwon nan a danginmu: yana shekara nawa ya same shi, mai jiki ne ko siriri, me ya sha, yaya ya ƙare. Musamman Baba. Ina shekara goma ya rasu, abin da kawai nake tunawa shi ne warin ɗakinsa, kamar na ayabar da ta nuna ta wuce.

Yaya yana da shekara arba'in da uku. Baba a arba'in da uku ya tafi. Na san kin iya lissafi, ke kika koya mini.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Zaituna


Kano, 28 ga Maris, 2015

Zuwa ga 'yata Zaituna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta. Rubutunki ya lalace, na ga alama na'ura ta sangarta miki hannu. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ki gaishe da Malam, Allah Ya ba shi sa'a.

Ga amsar tambayarki. Inna Baraka tana da hamsin ya same ta, kin kuma san jikinta, ƙofar ɗakinta sai da aka faɗaɗa. Ni ina da sittin ya same ni, ƙwaya ɗaya nake sha da safe. Baffanku Zayyanu shi ma ya haura hamsin, mai jiki ne, yana nan yana cin abin da aka hana shi. Mahaifin Inna, wanda ya zo Kano daga Turabulus da raƙuma, an ce shi ma yana da shi. Ciwon gidanmu ne, kuma ba ya gaggawa da kowa.

Babanku Bature kwanansa ne ya ƙare. Ba ni da abin da zan ƙara a kan haka.

Tamimu babba ne, ba a tisa babba a gaba da takardun asibiti. Ki lallaɓa shi. Ga hulɓa da garin zogale nan na ba yaron Malam, a jiƙa hulɓar ya sha kafin ya karya. Kilishin naku ne.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a ƙasar mutane.

Gwaggonki,
Jidda Maiwada


Riyad, 20 ga Afrilu, 2015

Yaya,

Salamu alaikum, barka da aiki. In kana tuƙi ba ka ɗaukar waya, in ka sauka kuma ka gaji, don haka na ɗora wannan a saman kula. Tuwo ne da miyar kuka, ba ka da hanyar kaiwa gare su sai ta kan takardata.

Sakamakon jinin da ka bayar ya fito. Abin da nake tsoro ne. Garkuwar jikinka tana yaƙi da abin da ke yi maka insulin, kuma saura kaɗan ta gama. Likita ta ce ƙwayoyin da kake sha kamar dukan jakin da ya riga ya faɗi ne. Tana so ka fara allura cikin makon nan. Ba irin ta zamanin Baba ba ce, kamar biro take, ba za ka ji ta ba.

Ka zo ran Lahadi ko Litinin da safe bayan ka sauke yara a makaranta. Rabin awa ne. Ni ba na roƙo, ka sani, amma ga shi ina yi.

Ƙanwarka,
Zaituna


Utaiƙa, 21 ga Afrilu

Dakta,

Wa alaikis salam. Tuwo ya yi, gishiri ne ya yi kaɗan, na kuma san da gangan kika yi.

Na karanta takardarki sau biyu, na ji daɗi ƙwarai. Ke da bakinki kika ce mini binciken Larabawa ne, kuma ga shi an duba jinina an sami abin da ake nema. To ai magana ta ƙare. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ana kirana "kai direba", in na ce kakata Balarabiya ce sai a yi murmushi. Jiya na gaya wa maigida asibiti ta tabbatar. Ya yi dariya har da tafa mini hannu, ya ce ashe ɗan baffansa ke tuƙa shi. Ko wasa yake yi, ya dai faɗa.

Tunda jinin Kaka ne, maganin Kaka zan bi. Ita ba ta taɓa yarda an soke ta ba, ta ga jikokin jikoki. Baba ya yarda, kwana uku ya ƙara. Ke kina ƙarama, ni na ɗauki makararsa. Kuma ki gaya mini, wane Balarabe ne zai bar 'ya'yansa a motar mutumin da ke soka wa kansa allura a bakin danja? Ranar da madam ta gani, ranar za a karɓi makulli, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, kuma a hannunsu take. Yarana huɗu a Kano ba lambobi suke ci ba.

Ramar nan zafi ne. Hulɓar Gwaggo ta karɓe ni. Ki daina damun kanki, ki gaishe da Malam. Ga kularki, na wanke.

Yayanki,
Tamimu Bature, jikan Baraka


Riyad, 11 ga Mayu, 2015

Zuwa ga Gwaggo Jidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Saƙo ya iso, mun gode, Allah Ya saka. Na yi ƙoƙarin gyara rubutuna.

Zan fara da laifina. Yaya ya ƙi a ɗebi jininsa, sai na ce masa za a sa shi a binciken Larabawa. Ƙarya ce. Takardar shiga binciken tana neman kakanni huɗu duka Larabawa, mu kuwa ɗaya gare mu, ita ce muke ta yawo da ita shekara saba'in. Shugabata ce ta taimaka aka yi masa gwajin a asibiti kamar kowane mara lafiya. Da kin gan shi ranar: farar jallabiya sabuwa, turare har bakin ƙofa, ya zauna cikin 'yan ƙasa yana ba ma'aikaciyar jinya tarihin raƙuman Turabulus, ita kuwa 'yar Filifin ce. Na tsaya daga nesa ina yaba wa kaina dabara.

Dabarar ta dawo kaina. Gwaji ya nuna mugun irin ne, shi kuma ya ɗauka shaidar asali aka ba shi. Na koma na ce masa ƙarya na yi, ciwon nan babu ruwansa da ƙabila, yana kama kowa. Ya ce yanzu ne nake ƙaryar. Digiri biyu gare ni, Gwaggo, kuma da hannuna na ƙara wa katangar nan bulo.

Yanzu ga abin da ya sa na sake rubutowa. A wurin aiki muna zana dangi a takarda, mata da'ira, maza akwati, mai ciwo a cike shi da baƙi. Na zana namu da bayanin da kika aiko. Kaka, ke, Baffa Zayyanu: masu jiki, bayan hamsin, ƙwaya ta isa. Baba da Yaya: sirara, arba'in, kamar an zare musu toshiya. Shugabata ta duba ta ce yana faruwa a gida ɗaya a sami iri biyu, sannan ta tambaye ni ko ke da Baba uwa ɗaya ce. Na yi dariya na ce har uba. Da na dawo gida dariyar ba ta biyo ni ba.

Na tuna Kaka ba ta kiran Baba sai da Amana. Na tuna Umma ta ce kakanmu Alhaji Maiwada ya ba Baba shagon Kurmi kyauta tun yana da rai, a gaban shaidu, kuma ranar rabon gado Baba ya tashi da tafiya Zariya. Kullum ana ba mu labarin a matsayin kawaici. Ni ma haka na ɗauka, har na auri mai karatun fiƙihu, na ji cewa ɗan riƙo ba ya gado, sai dai kyauta.

Ba neman tonon asiri nake ba. Ni ma na ci moriyar Kaka, sau nawa na ambace ta a wurin shan shayi don abokan aikina su ɗan gyara kallon da suke yi mini. Amma Yaya ya jingina rayuwarsa da abu biyu: cewa jinin Kaka ne a jikinsa, da cewa allura ce ta kashe Baba. Ni ba zan iya ture ko ɗaya ba, ya daina jin maganata. Taki yake ji. In duka gaskiya ne, ki ce mini gaskiya ne, in yi shiru. In akwai wanda ba gaskiya ba, saura mako biyar azumi, kuma ya ce ba zai sha ko ɗaya ba. A garin nan azumin bana awa goma sha biyar ne, zafi kuwa sai wanda ya gani.

Ki yafe mini in na wuce iyaka.

'Yarki,
Zaituna


Kano, 6 ga Yuni, 2015

Zuwa ga Zaituna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta kwana goma sha biyu a ƙarƙashin matashina. Na yi istihara. Ga amsa, ki karanta ke kaɗai, sannan ki kai wa yayanki.

Inna Baraka ba ita ta haifi Bature ba. Shayar da shi ta yi.

Ina shekara takwas wasu mata da miji suka zo daga Damagaram, Saidu da Delu. Shi yana yi wa Alhaji jimar fata, ita tana taya Inna aiki, aka ba su ɗakin da ke kusa da rijiya. Delu doguwa ce, baƙa, tana da wushirya, tana yi mini kitso tana waƙa da harshensu na can. Bayan ta haihu sai ta fara ramewa. Ina ganinta a gindin randa, ta sha moɗa uku a tsaye, ta koma ta zauna, ta sake tasowa. Inda ta yi fitsari tururuwa ke taruwa, mu yara muna zuwa kallo. Nononta ya ƙafe. A watan ne Inna ta rasa jaririnta, sai ta karɓi na Delu ta sa a ƙirji. Kafin ya yi wata bakwai Delu ta rasu, ba ta kai talatin ba. Ranar da za ta cika ta ce wa Inna ga amana. Saidu ya tafi neman danginsa ya dawo da mai riƙo, bai dawo ba. Unguwa ta san Inna ta haihu a shekarar, ta kuma ga yaro a bayanta. Waɗanda suka sani suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya ji tsoron Allah a kan gado, shi ya sa ya yi masa kyauta. Babanku ya sani, an gaya masa da zai yi aure. Ya ce uwar da ya sani ita ce uwarsa.

Wannan shi ne na farko, kuma shi ne mai sauƙi.

Da ciwo ya kama Bature, likita ya rubuta masa allura tun zuwan farko. Ni na hana. Inna da kanta ta kira ni ɗaki ta ce, “Jidda, wannan ba irin nawa ba ne, irin na Delu ne. Ku bari a yi masa abin da likita ya ce.” Na ce mata a'a. Na ɗauke takardar likitan na sa a cikin littafina, na jiƙa masa hulɓa wata biyar. Shi kuwa bai taɓa musa mini ba tun yana rarrafe. Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta: na ga yadda ciwon Delu ya ƙare, ciwon Inna kuwa ba ya kisa, sai na zaɓa masa na Inna. Ranar da muka kai shi asibiti a sume, likitan ya tambayi ina muke duk wata biyar ɗin nan. Suka yi masa allurar, ya kwana uku, ya tafi. Mutane suka ce allura ce. Na ji, na yi shiru, shekara ashirin da shida. A gabana Tamimu ya rantse ba za a taɓa soka shi ba, na ce Allah Ya yi masa albarka.

Hulɓar da na aiko, ki zubar.

Ki ce wa Tamimu ni Jidda na ce ya yi allura, yau ba gobe ba. In ya ƙi ganina bayan wannan, yana da gaskiya. Malamai sun ce nono yana haramta abin da jini yake haramtawa, don haka a shari'a ni Gwaggonku ce har yanzu. Ban sani ba ko a wurinku haka ne.

Ku yafe mini.

Jidda


Riyad, 5 ga Yuli, 2015

Zuwa ga Gwaggo Jidda,

Assalamu alaikum, Gwaggo. Barka da shan ruwa. Yaya yana da rai, na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Takardarki ta iso ni saura kwana biyu azumi. Kin ce yau ba gobe ba. Na riƙe ta kwana tara. Kullum ina da dalili: yau ya gaji, gobe akwai baƙi, bari in sami lokacin da ya dace. Na sa ta a jakata ina zuwa aiki da ita, ina zama cikin abokan aikina a matsayin jikar Balarabiya. Kin yi wata biyar saboda ƙauna, ni na yi kwana tara, kuma ban tabbata nawa dalilin ya kai naki kyau ba.

Ran takwas ga azumi bayan la'asar ya kai madam da yara kanti a Ulaya. Allah Ya sa sai da ya sauke su ya ajiye motar. Mai gadin wurin ne ya gan shi kife a kan sitiyari yana wani irin numfashi. Da na isa asibiti, tun daga bakin labule na ji warin ɗakin Baba.

Kwana biyu bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya ga abin da ke shiga hannunsa, ya nemi ya tsige, ya ce sun gama da shi, saura kwana uku. Sai na ja kujera na karanta masa takardarki daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Da na gama ya ce in maimaita wurin randa. Na maimaita. Sai ya ce, “Ashe maigida yana da gaskiya da yake dariya.” Ya juya wa bango fuska. Na ce masa na riƙe takardar kwana tara. Ya ce, “Ke ma?”

Kwana uku suka cika bai mutu ba. A na huɗu ya kira ma'aikaciyar jinya da kansa ya ce ta nuna masa yadda ake yi.

Likita ta ce ƙodarsa ta taɓu, idon hagu ma haka, wasu abubuwan ba za su dawo ba. Kafilinsa ya zo da dabino da kwandon 'ya'yan itace, ya yi addu'a, ya ce ba zai iya sake ba shi yara ba. Ban ga laifinsa ba, na nema ban samu ba. An buga masa bizar fita, bayan salla zai taho gida. Bai ambaci sunanki ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi ko in rubuta miki, ya ce in yi abin da na ga dama, ai mu masu ilimi mun fi sanin lokacin da ya kamata mutum ya ji abu.

Kin yi tambaya a ƙarshen takardarki. Amsata tana saman wannan, a inda na rubuta sunanki. Tasa ban sani ba.

Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya yafe mana gaba ɗaya.

'Yarki,
Zaituna


Kano, 14 ga Agusta, 2015

Zaituna,

Salamu alaikum. Na iso lafiya, yara suna gaishe ku. Ina yin allurar sau huɗu. Babu wuta a gidana, sai Gwaggo ta aiko a ce in kawo ta ajiye mini a jiƙaƙƙen yashin gindin randarta. Kullum ina zuwa in ɗauka. Muna gaisawa. Ban fara cin abincinta ba tukuna.

Jiya na ce ta kai ni kabarin wadda ta haifi Baba. Muka je da sandarta, ta tsaya ta daɗe, sannan ta nuna da hannu daga wata bishiya har zuwa katanga, ta ce a tsakanin nan ne. Rabin wurin ma an yi gini a kai. Na yi wa duk wanda ke ciki addu'a.

Takardar nan taki mai da'ira da akwati, ki zana mata tata da'irar a saman Baba, ki rubuta sunanta sosai. Delu. Ko a nan ta sami wuri.

Ki je a duba naki jinin.

Yayanki,
Tamimu